Allura Ta Tono Garma: Samfurin Ɗinkin 'Yan Matan Amurka a Matsayin Madogarar Tarihi

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin ilimin mata, ko a wace ƙasa yake, matsala guda ce takan fara tare masa hanya, watau ƙarancin madogara. Takardun hukuma da na kotu da na ciniki maza ne suka rubuta su, kuma galibi zancen maza suke yi. A Amurka, alal misali, ƙidayar jama'a da aka riƙa yi duk shekara goma daga 1790 zuwa 1840 sunan shugaban gida kaɗai take ɗauka, wanda yawanci namiji ne. Matarsa da 'ya'yansa sai dai a lissafa yawansu bisa ga jinsi da shekaru. Sai a ƙidayar 1850 aka soma rubuta sunan kowane mai 'yanci da ke cikin gida. Har wa yau, dokar Ingila wadda ƙasar ta gada ta ɗauki matar aure a matsayin wadda ta shige ƙarƙashin inuwar mijinta, ta yadda da wuya ta mallaki dukiya ko ta ƙulla ciniki da sunanta. Jihar Mississippi ta sassauta wannan a 1839, ta Niyok kuma a 1848.

To amma akwai wata irin shaida da dubban 'yan matan ƙasar suka bari tsakanin tsakiyar ƙarni na 17 da tsakiyar na 19, wadda suka rubuta da allura da zare a kan ƙyalle. A jikinta yarinya takan sa sunanta, da shekarunta, da shekarar da ta yi aikin, wani lokaci har da garinsu da sunan malamarta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan ƙyalle, ta nuna cewa madogara ce ta sosai ga tarihin ilimin mata a Amurka, sa'an nan ta ja kunnen mai nazari game da abin da ƙyallen zai iya tabbatarwa da abin da ya fi ƙarfinsa.

2.0 Suna da Asali

Sunan da Turawan Ingilishi suke kiran wannan ƙyalle tushensa guda ne da kalmar "samfur" da Hausa ta ara daga gare su, kuma duka biyun suna komawa ne ga kalmar Latin mai ma'anar misali ko abin koyi. Saboda haka a nan za mu kira shi samfurin ɗinki, ko samfur a taƙaice. Sunan ya dace da aikinsa na farko. A Turai ta ƙarni na 16 littattafan zanen surfani ba su wadata ba, domin sai a shekarun 1520 aka fara buga su a Jamus. Idan mace ta ga wani ado da ya burge ta a rigar wata, sai ta kwaikwaye shi a wani dogon ƙyalle siriri, ta naɗe ta ajiye a kwandon ɗinkinta don ta riƙa dubawa. Mafi daɗewa daga samfuran Ingila masu ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke, na 1598, wanda ke Gidan Tarihi na Victoria da Albert a Landan. A jikinsa an rubuta haihuwar wata yarinya mai suna Alice Lee a 1596, abin da ke nuna cewa tun farko samfur ya soma ɗaukar labarin dangi.

Turawan da suka ƙetare teku suka kafa zango a Plymouth a 1620 sun tafi da wannan al'ada. Samfurin da aka sani mafi tsufa cikin waɗanda aka ɗinka a ƙasar Amurka shi ne na Loara Standish, 'yar Myles Standish, jagoran mayaƙan zangon, wanda ta yi a wajajen shekarun 1640 zuwa 1650. Yana gidan tarihi na Pilgrim Hall a Plymouth, jihar Massachusetts. Dogo ne siriri kamar na Ingila, an jera masa ado layi bisa layi, daga ƙasa kuma sunanta da 'yar addu'a.

A cikin ƙarni na 18 siffar samfur ta sauya. Ya gajarce, ya yi faɗi, aka kewaye shi da zanen furanni, aka cika tsakiyarsa da haruffa da alƙaluma da baitoci da hotunan gidaje da dabbobi. Wannan sauyin siffa alama ce ta sauyin aiki. Ƙyallen da a da ake naɗewa a ɓoye a kwando ya zama abin sa wa gilashi a rataye a ɗakin baƙi, kuma ya fita daga hannun manyan mata ya koma aikin makaranta na yara masu shekara shida zuwa goma sha biyar ko kusa da haka.

3.0 Allura Kafin Alƙalami

Ba za a fahimci dalilin da ya sa yarinya ke rubuta abacada da zare ba sai an san yadda aka tsara koyarwa a wancan zamani. A yankin arewa maso gabas da ake kira Sabuwar Ingila, karatu da rubutu fannoni biyu ne dabam, kuma karatu ake fara koya. Karatu wajibi ne na addini a kan kowa, domin Kiristocin da suka kafa yankin sun yi imani cewa tilas kowane mutum ya iya karanta Baibul da kansa. Rubutu kuwa an ɗauke shi sana'a ce ta ciniki da hukuma, wadda malamai maza suke koya wa yara maza. Dokar Massachusetts ta 1647 ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin karatu da rubutu, amma a aikace garuruwa da yawa maza kaɗai suke karɓa a irin waɗannan makarantu. E. Jennifer Monaghan, wadda ta yi zurfin bincike a kan wannan, ta jawo hankali ga dokar marayu da 'ya'yan matalauta da ake ba masu sana'a riƙo: a 1710 dokar ta ce a koya wa maza karatu da rubutu, mata kuwa karatu kawai, kuma sai a 1771 aka ƙara wa matan rubutu. Birnin Boston kansa bai buɗe wa 'yan mata makarantun hukuma ba sai a 1789, shi ma daga Afrilu zuwa Oktoba kurum.

Sakamakon haka ya bayyana a littafin Kenneth Lockridge na 1974, inda ya ƙidaya masu sa hannu a takardun wasiyya da masu yin alama kawai. Ya gano cewa zuwa ƙarshen ƙarni na 18 kusan dukkan mazan yankin suna iya sa hannu, mata kuwa ba su wuce rabi ba. Masanan da suka biyo baya, waɗanda suka duba takardun cinikin filaye, sun nuna cewa adadin matan ya fi haka, amma ba wanda ya musanta cewa akwai tazara.

Gurbin da alƙalami ya cika a tarbiyyar yaro, allura ce ta cika shi a ta yarinya. Kuma akwai dalili na tattalin gida. Kafin masaƙun inji su yawaita, tufa tana cikin mafi tsadar abin da gida ya mallaka, har akan lissafa zannuwan gado da rigunan matasai ɗaya bayan ɗaya a takardun gado. Saboda haka kowane ƙyalle akan ɗinka masa haruffan farko na sunan mai shi da lamba, don kada ya ɓata wurin wanki, don kuma a riƙa juya amfani da su. Samfurin farko da yarinya ke yi, a gida ko a makarantar wata dattijuwa ta unguwa, na wannan aiki ne: haruffa da alƙaluma da ɗinkin gicciye, watau zare biyu masu gitta juna, ana ƙirga zaren saƙar yadin lilin ɗaya ɗaya don harafi ya daidaita. Ke nan yarinya tana iya tsara haruffa da allura shekaru kafin a miƙa mata alƙalami, idan ma an miƙa mata.

4.0 Malamai Mata da Makarantunsu

An daɗe ana zaton cewa samfur aiki ne da yarinya ke ƙagowa da kanta a gefen murhu a gidansu. Betty Ring (1923–2014), wata mai tara kayan tarihi daga Houston, ita ce ta fi kowa aiki wajen rushe wannan zato. Hanyarta mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar bi. Takan tara samfuran da suka yi kama da juna a zane da launi da irin ɗinki, ta bi asalin kowace yarinya a littattafan haihuwa da aure, sa'an nan ta nemi sanarwar da malamai mata suka riƙa bugawa a jaridun garin. Da haka ta nuna cewa samfura masu ado kusan duk a makaranta aka yi su, cewa malama ce take tsara zanen, kuma kowace makaranta tana da tambarinta. Littafinta mai juzu'i biyu, Girlhood Embroidery, ya fito a 1993.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Mary Balch (1762–1831), wadda ta riƙe makaranta a Providence, jihar Rhode Island, daga wajen 1785 har rasuwarta. Ɗalibanta sukan ɗinka ginshiƙai biyu da baka a samansu, a tsakiya kuma wani sanannen gini na garin, kamar majalisar jiha ko ginin kwalejin da ta zama Jami'ar Brown a 1804. Wanda ya ga biyu ko uku daga cikinsu zai gane na huɗu ko da ba a rubuta sunan malamar ba. A Filadelfiya kuma, Elizabeth Marsh da 'yarta Ann sun kafa salon da ya mamaye birnin tun daga shekarun 1720.

Aƙidar masu makaranta ma tana bayyana a jikin ƙyalle. 'Yan ɗariƙar Kweka, waɗanda suka ƙi ƙawa da alfahari, sun buɗe makarantar kwana ta Westtown a Pennsylvania a 1799, bisa tsarin makarantarsu ta Ackworth da ke Ingila. Samfuran Westtown ba su da yawan launi: haruffa ne tsararru, da gwajin toshe hudar tufa ta hanyar saƙa zare a gurbin da ya mutu. Amma a wannan makarantar ce 'yan mata suka riƙa ɗinka taswirar duniya mai siffar ƙwallo da siliki, da layukanta da sunayen ƙasashe, abin da ke tabbatar da cewa ana koya musu labarin ƙasa.

Bayan samun 'yancin kai irin waɗannan makarantu sun ƙaru ƙwarai. Shugabannin sabuwar jamhuriya, irin su likita Benjamin Rush a jawabinsa na 1787 kan ilimin mata, sun kawo hujjar cewa uwa mai ilimi ita ce za ta tarbiyyantar da 'yan ƙasa nagari. Sarah Pierce ta buɗe makarantarta a Litchfield, jihar Connecticut, a 1792, ta kuma ɗore har 1833. Susanna Rowson, marubuciyar ƙagaggun labarai, ta buɗe tata a Boston a 1797. A waɗannan wurare ana haɗa ɗinki da nahawu da tarihi da lissafi. A ƙarshen zango akan baje ayyukan ɗalibai iyaye su zo su gani, sa'an nan uba ya biya kuɗin firam ya rataye a gida. Aikin da allon zayyana yake yi wa mai saukar karatu a wurinmu, shi samfur yake yi wa waɗannan iyaye: shaida ce ga dangi da baƙi cewa an yi karatu, an kuma kashe kuɗi. Ta wannan hanya ce aka gano sunayen malamai mata da dama, da yawansu gwauraye ko waɗanda ba su yi aure ba, waɗanda koyarwa ce kaɗai sana'ar mutunci da ta rage musu.

5.0 Abin da Ƙyallen Yake Faɗa

Ga mai nazarin harshe, abu na farko da zai lura da shi shi ne abacadar kanta. A tsofaffin samfura da yawa babu harafin J, wasu kuma babu U, domin a tsohon tsarin rubutun Ingilishi I da J harafi guda ne, haka U da V. Wannan tsari ya daɗe a kan ƙyalle bayan maɗaba'a ta rabu da shi, saboda malama tana koyar da abin da ta kwaikwaya daga samfurin tata malamar. Haka nan akan ga kurakuran ƙa'idar rubutu da ke nuna yadda ake furta kalma a yankin, da harafin da aka juya baya, da kalmar da aka tsinke a tsakiya don wuri ya ƙare. A yankunan Pennsylvania inda Jamusawa suka zauna akan sami samfura da Jamusanci, waɗanda ke nuna tsawon lokacin da harshen ya yi yana raye a cikin gidaje.

Na biyu shi ne baitocin. Yawancinsu an ɗebo su ne daga Baibul, ko waƙoƙin yara na Isaac Watts da aka buga a 1715, ko mawaƙa irin su Alexander Pope. Jigoginsu ba su da yawa: biyayya ga iyaye, ƙin zaman banza, gajartar rayuwa, da shirin mutuwa. Abin da zai ba mai karatu na yau mamaki shi ne ganin 'yar shekara tara ta shafe watanni tana ɗinka zancen kabarinta. Amma a zamanin da da wuya a sami gidan da bai binne yaro ba, wannan magana ce ta yau da kullum.

Na uku shi ne tarihin dangi. Daga wajen 1780 zuwa 1830 samfurin asalin iyali ya yaɗu, musamman a Sabuwar Ingila: sunan uba da uwa, ranar aurensu, ranakun haihuwar 'ya'ya da na mutuwarsu. Sau da yawa a nan kaɗai ake samun sunan gidan su uwa kafin aure, ko sunan jaririn da bai yi kwana ba. Bayan rasuwar George Washington a watan Disamba na 1799 kuma sai ɗinkin makoki ya zama yayi, inda ake zana kabari, da bishiya mai sunkuyayyun rassa, da mata cikin juyayi. An fara da shugaban, aka koma yi wa dangi.

6.0 Iyakar Wannan Shaida

Duk da wannan amfani, akwai wurare uku da ya kamata mai nazari ya taka sannu.

Na farko, muryar da ke kan ƙyalle galibi ta malama ce. Ita ta zaɓi baiti, ita ta tsara zane. Wanda ya karanta baitin tawali'u ya ce ya gano zuciyar yarinyar ya yi gaggawa. Abin da ya gano shi ne abin da manya suke so ta zama. Hannun yarinyar sai a neme shi a wasu wurare: tsaurin zare ko sakinsa, kuskuren da ta gyara da wanda ta bari, da aikin da aka watsar ba a gama ba. Akwai ma samfuran da aka tsinke zaren shekara ko na shekarun haihuwa daga jikinsu, aikin da ake dangantawa da masu su bayan sun girma ba sa so a san shekarunsu.

Na biyu, samfur mai ado kayan masu hali ne. Zaren siliki daga ƙetare ake kawo yawancinsa, ga kuɗin makaranta, ga na firam da gilashi. Kuma abin da aka sa wa gilashi shi ya tsira. Na 'yar talaka, wanda aka yi don aiki, ya tsufa an yar. Saboda haka abin da ke gidajen tarihi ya rinjaya wajen 'ya'yan attajirai da limamai da manyan manoma na arewa maso gabas.

Na uku shi ne batun bauta. Bayi mata sun yi ɗinki mai yawa a gidajen iyayengijinsu, amma ba sunansu a kai, kamar yadda ƙidayar 1850 da ta 1860 ba su rubuta sunayen bayi ba. Carolina ta Kudu ta haramta koya wa bayi rubutu tun 1740, kuma bayan tawayen Nat Turner na 1831 wasu jihohin Kudu sun ƙara tsanantawa. Wannan ne ya sa 'yan samfuran da 'yan mata baƙaƙen fata masu 'yanci suka bari suke da daraja ta musamman. Akwai na Rosena Disery, wanda ta ɗinka a 1820 a makarantar 'ya'yan Afirka ta birnin Niyok, wadda ƙungiyar masu neman 'yanta bayi ta kafa a 1787. Ta yi shi ne shekara bakwai kafin bauta ta ƙare a jihar a 1827. Akwai kuma na ɗaliban makarantar da Mary Lange ta soma a Baltimore a 1828, wadda a 1829 ta jagoranci kafa ƙungiyar mata masu zuhudu ta Katolika ta 'yan asalin Afirka. A jihar Maryland, inda bauta ta ci gaba har 1864, yarinya baƙar fata ta rubuta sunanta da siliki kamar yadda 'yar attajiri take yi magana ce babba, ko da baitin da ke sama na malama ne.

7.0 Gushewar Al'adar da Sake Gano Ta

Daga shekarun 1830 samfur ya fara ja da baya, kuma dalilan suna da nasaba da juna. Masaƙun inji irin na Lowell sun karya farashin yadi, tawadar da ba ta wankuwa ta sauƙaƙa sa alama a tufa, keken ɗinki kuma ya biyo baya da rajistar Elias Howe a 1846 da ta Isaac Singer a 1851. Zanen da aka buga a takarda a Berlin, wanda ake cikewa da zaren ulu, ya sa ba a bukatar malama mai tsara nata. Mafi muhimmanci shi ne sauyin manufar ilimin mata. Emma Willard ta buɗe makarantarta a Troy a 1821, Mary Lyon ta buɗe Mount Holyoke a 1837, dukansu da nufin ba mata ilimi mai zurfi irin na maza. A shekarar 1837 ɗin ce kuma Horace Mann ya zama sakataren hukumar ilimi ta Massachusetts, ya dage kan makarantun hukuma na kowa da kowa. Da yarinya ta sami allo da alƙalami da littafin rubutu, buƙatar koyon harafi da allura ta ragu.

Bikin cikar ƙasar shekara ɗari a Filadelfiya a 1876 ya farfaɗo da sha'awar kayan kakanni. A 1921 Ethel Stanwood Bolton da Eva Johnston Coe suka fitar da littafin American Samplers, inda suka lissafa samfura fiye da 2,500. Daga nan daraja ta yi ta hawa, har a watan Janairu na 2012, lokacin da aka yi gwanjon tarin Betty Ring a kamfanin Sotheby's a Niyok, samfurin da Mary Antrim ta ɗinka a New Jersey a 1807 ya haura dala miliyan ɗaya. Wannan tsada tana da amfani da illa: ta sa ana adana ƙyallayen, ta kuma sa wasunsu suna shigewa gidajen masu kuɗi inda mai bincike ba ya kai gare su.

8.0 Kammalawa

An ga yadda samfur ya tashi daga ƙyallen tuni na manyan mata a Turai ya zama aikin makaranta na yara a Amurka, da yadda tsarin da ya raba karatu da rubutu ya sa allura ta riga alƙalami zuwa hannun yarinya. An ga kuma cewa ta hanyarsa aka gano makarantu da malamai da manhajoji waɗanda takardun hukuma ba su ambata ba, tare da sharaɗin a tuna cewa zanen na malama ne, kuɗin na uba ne, kuma waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin biyun sun fi yawa. Darasin da ke nan ga ɗalibin tarihi da na harshe shi ne kada ya taƙaita madogara ga abin da aka rubuta a takarda. Idan ya tarar rumbun takardu ya yi shiru game da wasu mutane, sai ya tambayi inda aka yarda musu su sa sunansu, ya nufi can.